Lauyan da dillali ya kawo: yadda cinikin shaguna a Gusau ya koma rigima da banki, da inda munka bi neman hakki

Wannan lamarin kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi da taki a nan Gusau. Ya sayi shaguna, ya biya lauya don ya tsare mashi cinikin, lauyan ya amshi kuɗi bai yi aikin ba. Ni ke riƙe mashi lissafi da waya, shi ya sa kusan komi ta hannuna ya bi. Ba zan kama sunan kowa ba, ba lauyan ba, ba bankin ba, ba mai sayarwa ba, don an yi sulhu kuma garin namu kowa ya san kowa. Dalilin rubutawa shi ne mutane da yawa in lauya ya yi masu ɓarna ba su san ana iya bin shi ba, wasu kuma sun sani amma sai su tafi inda ba za a biya su ko sisi ba.

Farkon 2024 wani dillali ya kawo ma kawu tallar gini a kan hanyar Sakkwato, shaguna shida a jere da sito a baya, duk da 'yan haya a ciki. Anka yi ciniki ya faɗa miliyan 38. Tun ran nan kawu ya ba da miliyan 15 kafin alƙalami gaban shaidu, wai don kada wani ya riga shi, lokacin ko maganar lauya ba a yi ba. Ku riƙe wannan miliyan 15 ɗin, za ta dawo.

Da aka zo batun takardu sai dillali ya ce, Alhaji kada ka wahal da kanka, akwai barista na hannunmu, shi ke yi muna komi. Kawu ya ce to. Nan fa matsalar ta soma ko da yake ba wanda ya gan ta. Dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa, lauyan kuma da kasuwarsa ke fitowa ta hannun dillali ba zai so a ce shi ne mai ɓata ciniki ba. Daga baya munka gano shi dai baristan nan shi ke ma mai sayarwa aiki tun da daɗewa, wato mutum ɗaya ya tsaya ma ɓangare biyu, bai kuma faɗa ma kawu ba.

Ya yanke ladansa miliyan 1.5, sannan ya nemi wata miliyan 1.2 daban, ya ce ta binciken fayil ce a ofishin filaye, da neman amincewar gwamna, da kuɗin kan sarki, da rajista. Kawu har yana murna ya samu da sauƙi, don dokar ladan lauyoyi ta 2023 kashi 10 cikin ɗari ta sa a matsayin mafi ƙanƙanta ga dukiyar da ba ta kai miliyan 50 ba, ka ga da miliyan 3.8 ke nan. Ni na tura kuɗin daga asusun kawu, kuma don al'adar lissafi na rubuta a wurin bayanin tiransifa cewa kuɗin bincike ne da amincewar gwamna na shagunan hanyar Sakkwato. Rasit kam bai ba mu ba, ba a kuma rubuta wata takarda tsakaninsa da kawu da ke faɗin aikin da anka ɗauke shi ya yi ba.

Takardar mallakar ginin tsohuwa ce, satifiket na gwamnatin jihar Sakkwato tun kafin a cire Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Irinsu suna da yawa a Gusau kuma ba laifi ba ne, suna aiki. Amma kwafi anka nuna muna. Mai sayarwa ya ce na asalin ya kai ofishin filaye ana sabunta mashi, in ya fito zai kawo. Barista ya gyaɗa kai ya ce haka ne ana yi. Bayan 'yan kwanaki ya turo ma kawu saƙon murya a WhatsApp, abin da ya ce a taƙaice, Alhaji na je na duba, fayil lafiya lau, ba wata matsala, kana iya biyan ciko. Kawu ya biya miliyan 23 kai tsaye asusun mai sayarwa. Anka sa hannu a yarjejeniya mai shafi da yawa, da hatimin ƙungiyar lauyoyi a manne, kawu ya kai ta akwati ya kulle, 'yan haya sunka koma biyan shi.

Duk sadda munka tambayi amincewar gwamna da satifiket, amsa ɗaya ce, fayil na tafiya, ka san aikin gwamnati. Ba mu matsa ba tunda haya na shigowa.

Cikin 2025 mai kemis ɗin da ke shagon farko ya kira ni ya ce wasu sun zo sun liƙa takarda a bango. Sanarwar gwanjo ce. Ashe tun 2021 mai sayarwa ya ci bashin banki da sunan kamfaninsa, ya jinginar da ginin, an yi jinginar yadda doka ta ce da amincewar gwamna da rajista da komi, kuma satifiket na asali yana ajiye a banki, bai taɓa zuwa wani sabuntawa ba. Bashin da ruwansa da tara ya kai miliyan 21.

Kawu ya kira barista, ni na riƙe wayar. Ya ce mashi, Barista mi ke nan nike ji? Kai kac ce min ka duba. Shi kuma ya ce ranka ya daɗe a yi haƙuri, kuskure ne daga banki, zan je in gan su. Daga nan ya daina ɗaukar waya, in an je ofis sai yaronsa ya ce yana kotu a Kaduna.

Kafin in shiga inda munka bi, bari in faɗi abin da ya kamata ya yi, don sakacin a nan yake. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, mai satifiket izinin zama ne gare shi, kuma sashe na 22 ya ce ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce abin da anka yi ba bisa haka ba banza ne. Kotun ƙoli ta tabbatar da wannan tun 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. To tunda jingina ta banki sai ta bi ta wannan hanya, tana nan rubuce cikin fayil, duk wanda ya biya kuɗin bincike a ZAGIS, wato ofishin filaye na jihar Zamfara, ya nemi rahoto zai gan ta. Ko da ma ba a yi mata rajista ba, lauyan da ya san aikinsa ba zai bari a saki ciko bai riƙe satifiket na asali da hannunsa ba, don mai bashi wani lokaci takardar kawai yake ajewa a banki. Sannan in mai sayarwa na da kamfani ana leƙa hukumar rajistar kamfanoni, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce jinginar da kamfani ya yi a kan dukiyarsa a yi mata rajista cikin kwana 90. Ba wani aikin gwaninta ba ne, abin da ake koya masu ne tun makarantar lauyoyi. Bai yi ko ɗaya ba, kuma ya ce ya yi.

Abu na farko da 'yan uwa sunka kawo shi ne 'yan sanda. Wani ɗan kawu ya ce a sa a kwaso su duka, dillali da barista da mai sayarwa, in sun kwana biyu a sel kuɗi za su fito. An kai ƙorafi, an kira mai sayarwa, ya yi alkawari, ya samu beli, shi ke nan. A kan mai sayarwa akwai magana ta zamba tunda ya sayar da abin da ya san yana jingine ya ɓoye. Amma a kan lauya, sakaci ba laifin da ake kulle mutum ba ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don rigimar ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. In ka matsa sai lauyan ya juya ya kai ka kotu kan take hakkinsa, ka koma kai ke biyan diyya. Kuma duk wannan lokacin ranar gwanjo na matsowa, 'yan sanda ba su da ikon tsayar da banki.

Wasu dattawa kuma sunka ce ƙaddara ce, a bar ma Allah, ba a shari'a da lauya. Kawu ya kusa yarda, mutum ne da ba ya son a gan shi bakin kotu. Malaminsa ne ya gyara mashi zama. Ya ce mashi Alhaji a fiƙihu wakili amintacce ne, in abu ya lalace a hannunsa ba da laifinsa ba ba ya biya, amma in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da anka sa shi to lamuni ya hau kansa, balle wanda ya amshi lada ya ce ya yi aiki bai yi ba. Ya ce neman hakkinka bai kore yarda da ƙaddara ba. Wannan magana ita ta sa kawu ya tashi. Ya so a kai kotun shari'a ta Musulunci don can ya fi sakewa, amma sashe na 39 na dokar amfani da ƙasa ya ba babbar kotun jiha ita kaɗai hurumin rigimar filin da ke da satifiket na gwamna, ga kuma banki a ciki.

Samun lauyan da zai tunkari lauya ya ba mu wahala. Waɗanda munka fara tuntuɓa a gari kowa sai ya ce zai yi muna maganar banki da mai sayarwa amma a cire abokin aikinsa, wani ya ce ajinsu ɗaya, wani ya ce kullum suna haɗuwa a kotu. Ban ga laifinsu sosai ba, lauyoyin Gusau ba yawa gare su ba. Ƙarshe wata barista munka samu daga Sakkwato ta hannun wani abokin kasuwar kawu, mace mai natsuwa da ba ta da yawan magana. Abin da ta fara yi ya bambanta ta da na farko, ta rubuta takarda ta faɗi aikin da za ta yi da ladanta, ta ce kawu ya sa hannu, ta ba da rasit.

Ta ce Baba Alhaji gini za mu fara tsarewa, lauya ba inda za shi. Ta nemi rahoton bincike a hukumance, ga jingina nan ɓaro-ɓaro da kwanan watanta na 2021, kuma ba wata alama cewa an taɓa neman bincike ko amincewar gwamna da sunan kawu. Ta rubuta ma banki ta ce akwai mai saye a ciki da ya biya bai sani ba kuma yana son a zauna. Ta faɗa muna gaskiya ba ta ɓoye ba, banki ya riga mu, takardarsa ta fi tamu ƙarfi, yarjejeniyar da ke cikin akwatin kawu ba amincewar gwamna ba rajista, in an je kotu da banki ba mu da nasara. Abin da ya taimaka shi ne banki kuɗinsa yake so ba shaguna ba, sunka dakatar da gwanjo sunka ba da lokaci.

Sai ta juyo kan baristan farko, ta zaunar da mu ta raba muna abin gida biyu, kuma wannan rabon shi ne abin da nake ganin mutane ba su sani ba.

Akwai hanyar ladabtarwa. Lauyoyi na da dokokin aikinsu, na 2007 da anka sabunta a 2023 sabbin sunka fara aiki 1 ga Janairu 2024. A ciki an wajabta ma lauya ya tsaya ma wanda ya ɗauke shi tsakani da Allah, ya yi aiki da ƙwarewa, ya bayyana in yana da wata alaƙa da ɗaya ɓangaren, kuma kuɗin da anka ba shi don wani aiki amana ne, ba a haɗa su da na aljihu. Wanda ya saɓa ana kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke zama a Abuja, LPDC. Ana rubuta koke da takardar rantsuwa da hujjoji, ana iya miƙawa ta hannun shugaban reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, ko babban jojin jiha, ko Antoni Janar. Kwamitin na iya yi mashi gargaɗi, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko a soke sunansa daga rajistar lauyoyi gaba ɗaya, kuma yana iya cewa ya maido kuɗin da ya amsa ko takardun da ya riƙe. To amma fa iyakarta ke nan. Ta ce Baba ko an kore shi daga aikin lauya gobe, miliyan 2.7 ɗinka ce kawai za ta iya dawowa ta nan, bashin banki ba ruwan kwamiti da shi.

Sai hanyar diyya, ita kuma babbar kotu ce. Sashe na 9 na dokar lauyoyi ya faɗa ƙarara cewa lauya ba shi da kariya daga biyan ɓarnar da sakacinsa ya jawo, kuma ko ya rubuta a yarjejeniya cewa ba ruwansa, wannan sharaɗin banza ne. Togiya biyu ce, in kyauta ya yi maka aikin yana iya cire kansa, sannan yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali ba a bin shi a kai. Cinikin gini ba gaban alƙali ake yi ba, kuma an biya shi. Amma kotu ba ta aiki da ɓacin rai, sai ka nuna shi lauyanka ne, ka nuna abin da ya kamata ya yi bai yi ba, ka nuna rashin yin ne ya jawo asarar, ka kuma faɗi nawa ce asarar da lissafi. Kuma akwai wa'adin da doka ta sa na shigar da irin wannan ƙara, wanda ya tsaya jiran alkawari har ya wuce ya rasa.

Wani ɗan ɗakinmu da ke karatu a Ingila da ya ji labari ya ce ai can akwai ofishi na musamman da ake kai ƙorafin lauya kyauta har ya sa a biya ka diyya zuwa fam dubu 50, kuma dole kowane ofishin lauya ya yi inshorar aƙalla fam miliyan 2 saboda irin haka. Haka ne, amma can ne. Namu baristan ba shi da wata inshora, abin da ya mallaka mota ce da gidan da yake ciki, kuma ita barista ta sa wannan a lissafi tun farko, ta ce hukuncin miliyan 20 a kan wanda ba shi da miliyan 20 takarda ce kawai.

Ta rubuta mashi wasiƙa ta ba shi kwana 14 ya kawo fayil ɗin kawu, da rahoton binciken da ya ce ya yi, da rasit na duk abin da ya biya a cikin miliyan 1.2. Amsar da ya bayar ita ce ta nuna inda zai ɓuya. Ya ce shi ba lauyan kawu ba ne, mai sayarwa ne ya kawo shi, aikinsa rubuta yarjejeniya kawai, kuɗin da anka tura mashi na rubutu ne. Kuma ya ce ko ma mi ne ne Alhaji ya riga ya biya miliyan 15 kafin ya san shi, don haka shi ya jefa kansa.

Maganar farko da ta tsaya da mun sha ƙasa, don ba rasit ba takardar ɗauka, kuma dillali ya riga ya koma bayansa. Abu biyu sunka karya ta. Sitetimen na banki da ke nuna kuɗin daga asusun kawu sunka fita da bayanin abin da anka biya su don shi, da kuma saƙon muryar nan. Kawu mutum ne mai share saƙo in waya ta cika, Allah ya sa yana turo min duk abin da ya shafi kuɗi. Barista ta ce kada a taɓa wayar, kada a canza ta, don sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana karɓar irin wannan hujja amma sai an haɗa da takardar da ke bayanin na'urar da ta fito daga ciki. Mutumin da ya ce na duba kana iya biya, da muryarsa, ba zai dawo ya ce rubutu kawai anka sa shi ba.

Maganar miliyan 15 kuwa ni kaina na ɗauka ya kama mu, don gaskiya ne kawu ya yi gaggawa. Amma ta ɗauko alƙalami ta yi lissafin da ya burge ni. Ta nemi banki ya faɗi nawa ne bashin a watan da anka yi ciniki, ya kama wajen miliyan 16. Ciko da ke hannun kawu a lokacin miliyan 23 ne. Da an yi bincike an ga jingina, ba sai an fasa ciniki ba ma, sai a ɗauki 16 a biya banki kai tsaye, banki ya saki satifiket ya rubuta takardar sakin jingina, a ba mai sayarwa 7 da ta rage, kowa ya tafi gida. Haka ake yi kullum a cinikin ginin da ke da bashi. Ke nan kafin alƙalamin bai hana komi ba, kuɗin gyara na nan a hannu har ranar da saƙon murya ya shigo.

Da wannan ta shigar da ƙara a babbar kotu a kan mutum biyu, mai sayarwa da barista, a rana guda kuma ta miƙa koke ga reshen ƙungiyar lauyoyi na Gusau. Na tambaye ta don mi za a yi biyun tunda ta ce ladabtarwa ba ta biyan asara. Ta ce ƙara na iya shekaru kuma shi lauya ne, ɗage zama ba ya ci mashi komi, amma lasisinsa shi ne abincinsa. Ta kuma gargaɗe mu kada wanda ya kira shi ya ce in ba ka biya ba za mu kai ka, a shigar kawai a yi shiru, kuma kada a hau Facebook da sunansa, don ɓata suna wata shari'ar ce da za a ba shi kyauta.

Haka kuwa anka yi. Reshen ya rubuta mashi ya nemi amsa, ba a jima ba mutumin da ba ya ɗaukar waya ya turo wani babban lauya da yayansa gidan kawu bayan isha'i. Anka yi ta zama. Ban ji daɗin yadda wasu zaman sunka kasance ba, don sai aka mayar da abin kamar kawu ne ke son kashe ma yaro kasuwa, ana ta a dubi 'ya'yansa, ba mai cewa a dubi dattijon da ya tara kuɗin nan a buhu-buhu. Shi baristan da ya zo da kansa ya durƙusa ya ce Baba na yi kuskure, na yarda da maganar mai sayarwa ne don na daɗe da saninsa. Kawu ya ce mashi, kuskure daban, amma kuɗin binciken fa, ina sunka tafi? Bai amsa ba.

Ga yadda sulhun ya tsaya. Banki ya yafe wani ɓangare na tara ya tsaya a miliyan 18. Mai sayarwa ya sayar da wani fili nasa a Samaru ya kawo 9, kawu ya ciro 9 daga jarin taki ya cika, banki ya saki satifiket da takardar sakin jingina. Barista ya maido miliyan 2.7 da ya amsa gaba ɗaya, ya kuma ɗauki miliyan 3 daga cikin 9 ɗin kawu zai biya kashi-kashi. Sauran 6 tana kan mai sayarwa. Ita barista ta ƙi yarda a tsaya a takardar shaidu ta cikin gida, ta sa anka kai sharuɗɗan gaban alƙali ya mayar da su hukuncin kotu, yadda in wani ya saɓa ba sai an sake sabuwar shari'a ba, kai tsaye za a nemi kamun dukiyarsa.

A ganina 3 ta yi kaɗan, lissafin da ta yi ya nuna ana iya neman fiye da haka a kansa. Ita ma ta faɗa, amma ta ce zaɓi na Baba ne, kuma uku da za ta shigo ta fi tara da za a yi shekara biyar ana bi. Inda munka fi saɓani da kawu shi ne koken. Sun roƙi a janye, ita ta ce ko za a yi maganar janyewa sai kuɗi sun gama shigowa, kawu ya yarda da haka, amma ya yi masu alkawarin in an gama ba zai bi ba. Ni da so samu ne a bar shi ya tafi Abuja, ba don ƙeta ba, don dillalin nan har yau yana kai mashi mutane kuma ba wanda zai gaya masu. Kawu ya ce shi ya yafe abin da ke tsakaninsa da shi, na wasu kuma ba shi anka ɗora ma ba. Dukiyarsa ce, ban ƙara magana ba.

In an haɗa da ladan sabuwar barista da kuɗin kan sarki da rajista da anka biya yanzu da gaske, ginin miliyan 38 ya tashi ma kawu sama da 47, kuma damanar da ta wuce bai yi kasuwar taki yadda ya saba ba don jarin ya tafi banki. Barista ya biya kashi biyu cikin uku na abin da ya ɗauka, na ƙarshe ya nemi a ƙara mashi lokaci an ƙara. Mai sayarwa miliyan ɗaya kawai ya kawo cikin shida, yanzu ita barista na shirya takardun neman kamun wata motarsa. Dillali bai maido la'ada ba, ba a kuma sa shi cikin ƙarar ba don ba wata hujja a rubuce da ta nuna ya san da jinginar. Takardar neman amincewar gwamna da sunan kawu an shigar da ita, wannan karon muna da lambar fayil da rasit na gwamnati, kuma ni ke zuwa da kaina ina dubawa.